Gizo a Ɗakin Jarrabawa: Lesin Adabin Turanci a Ƙasar Kabi da Bashin da ke Kan Manazarta Hausa

Duk wanda ya ratsa Birnin Kebbi ko Argungu bayan la'asar, tsakanin watan Fabrairu da farkon Mayu, ya san yanayin. Azuzuwan da aka saba kullewa tun azahar a buɗe suke, wani wurin kuma zaure ne ko shago aka jera wa benci, 'yan ajin ƙarshe na sakandare sun cika shi maƙil cikin zafin bazara. Lesin ake yi, wato darasin ƙari da iyaye ke biya domin shirin jarrabawar WAEC da NECO da JAMB. Lissafi da Turanci da darussan kimiyya su suka fi jan jama'a. Adabin Turanci kuwa 'yan tsiraru ne ke zama dominsa, galibinsu waɗanda aka ɗora wa burin zama lauyoyi, domin mafi yawan jami'o'in ƙasar nan ba sa buɗe ƙofar tsangayar shari'a ga wanda ba shi da kiredit a wannan darasi. A kan waɗannan 'yan tsiraru zan yi magana, kuma da manazarta Hausa nake, ko da yake da farko za a ga kamar na shiga gonar da ba tamu ba.

A shekarar da ɗiyar ƙanwata ke shirin jarrabawa, na sauka gidansu a Birnin Kebbi na tarar da ita tana bitar wata 'yar ƙasida da aka ba su a wurin lesin. Wasan Wole Soyinka, The Lion and the Jewel, aka taƙaita a ciki, domin yana cikin jerin littattafan da WAEC ta sanya daga 2021 zuwa 2025. Na tambaye ta ko ta karanta wasan kansa. Ta ce, "Kawu, ai malam ya ce duk abin da za a tambaya yana cikin wannan." Na ce to, me ya sa Baroka, dattijon basaraken nan, ya gaya wa uwargidansa Sadiku cewa ƙarfinsa na ɗa namiji ya ƙare, alhali ƙarya yake yi? Sai ta zubo mini jumla uku da Turanci, tiryan-tiryan kamar mai biya hadda, babu wadda ta taɓa tambayar. Na juya zuwa Hausa na ce, "Ɗiyata, in kina son magana ta game gari ba tare da kin fita ba, wa za ki gaya wa, kuma me za ki ce masa?" Ta yi dariya ta ce wanda bakinsa ba ya riƙe magana, kuma sai ka roƙe shi kada ya gaya wa kowa. Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce, "Ashe tarko ya ɗana wa Sidi! Wannan ai Gizo ne." Cikin minti biyar ta feɗe mini halin Baroka, da wautar Sadiku, da girman kan da ya kai Sidi gidan da ta rantse ba za ta je ba. Duk abin da mai duba takarda ke nema yana bakinta, sai dai ba a taɓa tambayarta da harshen da take tunani da shi ba.

Ra'ayina shi ne ɗalibin ƙasar Kabi ba jahilin adabi ba ne a ranar da ya shiga ajin adabin Turanci. Da guzurinsa yake zuwa, na tatsuniya da kirari da habaici da waƙar fada da ta noma, sai lesin ya sa shi ajiye guzurin a bakin ƙofa, ya miƙa masa taƙaitawa ya haddace. Kuma mu da muka shafe shekaru muna ƙera kalmomin nazarin adabi da Hausa muna da hannu a wannan asara, domin mun ƙera kayan aikin mun adana a ɗakunan karatunmu.

Kafin a ɗora wa mai lesin laifi, ya kamata a dubi abin da yake fama da shi. A tsarin da WAEC ta saba bi, takarda uku ake rubutawa. Ta farko tambayoyi 50 ne na canki-canka cikin awa guda: 20 kan sanin adabi gaba ɗaya, 5 kan wani yankin zube da ɗalibi bai taɓa gani ba, 5 kan wata waƙa da ita ma baƙuwa ce gare shi, 20 kuma kan wasan Shakespeare da aka sanya. Ta biyu ta ƙagaggun labarai ce, amsa biyu cikin awa ɗaya da kwata. Ta uku ta wasan kwaikwayo da waƙa ce, amsa huɗu cikin awa biyu da rabi. In aka raba, kowace doguwar amsa ba ta da fiye da minti 37 da rabi. Ƙwararren mai lesin ya san wannan lissafi, kuma yana koyar da shi: kada ka ɓata rabin lokacinka kan tambaya guda, ka ja layi ƙarƙashin kalmar da ke ɗauke da umurnin tambaya, ka tsara ƙashin amsa kafin ka fara zuba, ka zaɓi littafi guda a kowane sashe ka riƙe shi da kyau. Wannan dabara ce ta gaskiya, ba na raina ta, kuma yara da yawa sun faɗi ne don ba wanda ya gaya musu ita. Sau da yawa ma mai lesin na cike giɓin da makaranta ta bari ne, inda malamin adabi ɗan bautar ƙasa ne da ya zo ya tafi cikin shekara guda, ko kuma babu shi sam.

Inda muka rabu da shi shi ne wurin da dabara ta maye gurbin karatu. Lissafin da ke sama shi ke tona asirin taƙaitawa. Tambayoyi goma na baƙon zube da baƙuwar waƙa ba a haddace su, domin ba wanda ya san abin da zai fito. Ashirin ɗin Shakespeare kuwa guntun zance ake cirowa a tambayi wa ya faɗa, wa aka gaya wa, a ina, me ya biyo baya. Wanda bai taɓa jin muryoyin taurarin a cikin littafin ba sai dai ya yi canki-canka na gaske. Talatin ke nan cikin hamsin. A dogayen amsoshi kuma, koke-koken da rahotannin manyan masu duba takardu na WAEC suka daɗe suna maimaitawa ba su sauya ba: ɗalibai na ba da labarin littafi daga farko zuwa ƙarshe maimakon amsa abin da aka tambaya, kuma da gani ka san ƙasidun sharhi suka karanta, ba littafin ba. Ashe ko ta fuskar neman maki kawai, taƙaitawa ba ta biyan kuɗin da aka saye ta. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, masuntan Argungu kuma sun fi kowa sanin haka, tunda kan gora suke iyo a Matan Fada.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne a ce a wannan ƙasa aka yarda cewa ana iya sanin littafi ba tare da an karanta shi ba. Ƙasar Gwandu ce fa, inda Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna ya yi rubutu. A Tazyinul Waraƙati ya tattara waƙoƙinsa na Larabci, yana bayyana lokaci da dalilin da ya sa ya tsara su, wato ainihin abin da mai tambayar "a ina aka faɗi wannan, kuma don me" ke nema. A zaurukan malamai har gobe, wanda ya ce ya karanta Ishiriniya ko Muƙamatul Hariri ana nufin ya durƙusa gaban malami ya ja baƙi, malam na fassara masa kalma bayan kalma da Hausa, har suka kai bango. Ba a taɓa jin almajirin da ya yi da'awar sauke Muƙama don ya haddace shafi uku na bayaninta ba. A lura da abu biyu a wannan tsari: matani na baƙon harshe ne kuma ba a tsallake shi, bayani kuwa da harshen gida ake yi. Wannan tsari ne ya fitar da mutanen da suka rubuta Larabcin da ake nazari a jami'o'i yau. Duk mai cewa bayani da Hausa zai raunana Turancin yaro, sai ya fara gaya mana dalilin da ya sa bai raunana Larabcin malaman Gwandu ba.

Yanzu ga namu kason. Tambayoyi ashirin ɗin nan na sanin adabi gaba ɗaya, yawancinsu kan adon harshe da sigogin waƙa da wasa suke. A lesin, jerin ma'anoni ake rubutawa a allo da Turanci, yaro ya kwafa ya haddace, ya rikita simile da metaphor ranar jarrabawa. Alhali wannan yaron, in yana ɗaukar darasin Hausa, da safe malaminsa ya koya masa kamantawa da siffantawa, ya kawo masa misali daga waƙoƙin da yake ji a rediyo, ya kuma gane sarai. Malaman biyu a ɗakin malamai guda suke shan iska, amma darussansu ba su taɓa gaisawa ba. Abdulƙadir Ɗangambo ya shimfiɗa mana gadon feɗe waƙa, Sa'idu Muhammad Gusau ya yi Jagoran Nazarin Waƙar Baka, Abdullahi Bayero Yahya ya yi Salo Asirin Waƙa, tun 1990 kuma aka buga ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi wanda Dalhatu Muhammad ya tace. Jigo da warwararsa, zubi da tsari, amsa-amo, alamtarwa, kambamawa, gangara da saɓi-zarce, duk suna nan a ajiye. A wani wurin ma awonmu ya fi na jarrabawar ƙanƙanta ido: inda ake tambayar ɗalibi personification kaɗai, nazarin Hausa ya raba jinsintarwa gida uku, mutuntarwa da dabbantarwa da abuntarwa. Yaron da ya san makaɗin fada na mayar da sarki giwa ko zaki, ya mayar da ɗan sarki mai jiran gado wata dabbar da ba ta kai ba, ya riga ya wuce matakin da tambayar ke nema. Sunan Turancin kawai ya rage a liƙa masa.

Haka abin yake ga muryar mai magana a waƙa, wadda ke ba ɗalibai wuya ƙwarai, wato bambanta mawaƙi da bakin da ya ara. A Jihar Kebbi aka yi Muhammadu Gambo Fagada, wanda duniya ta sani da Gambu mai waƙar ɓarayi. Ko a tashar mota ana gardama kan waƙoƙinsa: zuga sata yake yi, ko tona asirinta, ko kuwa bakin ɓarayi ya ara don ya nuna yadda suke kallon duniya? Wannan gardama ita ce darasin baki ɗaya, kuma yara sun taso suna jin ta.

Jerin littattafan da WAEC ta sanya daga 2026 zuwa 2030 ya kawo damar da ban ga kamarta ba. Cikin wasannin Afirka akwai The Marriage of Anansewa na Efua Sutherland, marubuciyar Ghana, wanda aka buga a 1975. Ananse, uban yarinyar, shi ne gizo-gizon tatsuniyoyin Akan. Talauci ya ishe shi, sai ya yi wa sarakuna huɗu alkawarin 'yarsa guda, yana karɓar kyautar kowa. Da suka tashi zuwa ɗaukar amarya a lokaci ɗaya, sai ya sa ta kwanta ta yi mutuwar ƙarya, ya zauna yana sauraron saƙon ta'aziyyar kowane sarki don ya gane wanda ke sonta da gaske. Akwai mai ba da labari a cikin wasan, akwai waƙoƙin da ke katse labari jama'a su amsa. Wane ɗan Argungu ne za a karanta wa wannan bai ga Gizo da Ƙoƙi ba, bai tuna dandali da kakarsa ba? Tambayar da za a yi masa kan halin Ananse, ko ha'inci ne ko dabarar talaka a gaban masu ƙarfi, ita ce tambayar da manazarta tatsuniya suka daɗe suna yi kan Gizo. Zai zama abin kunya a ce wannan wasa ma taƙaitawarsa yaranmu za su haddace, da Turancin wani wanda bai taɓa jin sunan Ƙoƙi ba. Ko wasan Shakespeare na wannan zango, Antony and Cleopatra, yana da ƙofar shiga: bayanin da Enobarbus ya yi na sarauniyar Masar cikin jirginta a kan kogi yabon fada ne tsantsa, cike da kambamawa, kuma yaron da ya ga jerin gwanon kwale-kwale a bikin kamun kifi yana da hoton da zai ɗora shi a kai.

Ban ce hanyar ba ta da ƙaya ba. Babbar ƙayar ita ce kwatancen da ya yi kama da daidai alhali ba daidai ba ne, kuma nan ne ake buƙatar masani, ba mai lesin da ke gaggawa ba. Karin rubutacciyar waƙar Hausa a kan nauyin gaɓa yake tafiya, mai nauyi da marar nauyi, bisa tafarkin arulin Larabci. Karin waƙar Turanci kuwa a kan inda murya ke dannawa yake. Wanda ya gaya wa yaro abu guda ne ya ɓatar da shi. Kalmar irony ba ta da takwara guda a Hausa. Muna da gatse, da habaici, da shaguɓe, da zambo, da baƙar magana, kowace da muhallinta, amma babu wadda ta rufe yanayin da mai kallo ya san abin da tauraron wasa bai sani ba, kamar yadda muka san tarkon da Sidi ke tafiya zuwa cikinsa. Fassara tragedy da wasan ban-tausayi kuma ta zubar da rabin ma'anar, domin ta bar batun babban mutum da aibin kansa ya kayar. Waɗannan wurare ba dalilin fasa aikin ba ne. Su ne ma suka fi amfani a aji, domin yaron da aka nuna wa inda Hausa da Turanci suka saɓa ya fi riƙe ma'anar fiye da wanda aka ba jumla ya haddace.

Akwai kuma mai cewa ba kowane ɗalibi a Birnin Kebbi ne Bahaushe ba. Gaskiya ne: akwai Zabarmawa da Fulani da Dakarkari, da 'ya'yan ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu. Amma da wane harshe suke ciniki a kasuwa, da wane suke wasa a filin ƙwallo? Wanda ya zo da tatsuniyar kunkuru daga gidansu ma ƙaruwa ce ga ajin. Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na masu cewa ainihin ciwon Turancin ne kansa, yaro ba ya iya haɗa sakin layi mai ma'ana, kuma da Turanci zai amsa. Na yarda, shi ya sa ban ce a mayar da ajin na Hausa ba. Abin da nake nufi ya fi haka sauƙi: a karanta shafin littafin da Turanci da babbar murya, a tattauna ma'anarsa da Hausa har kowa ya sami abin cewa, sannan a rufe baki a ɗauki biro, kowa ya rubuta amsa da Turanci, malam na duban agogo, minti 37 ya ce a ajiye. Rubutun shi zai ci mafi yawan lokacin. Yaro ba ya koyon rubuta ra'ayi in ba shi da ra'ayin, kuma abin da haddar taƙaitawa ke hana shi ke nan. Wurin lesin kuma ya fi makaranta sauƙin gwaji, tunda ba a ɗaure shi da dokar harshen koyarwa ba. Abin da iyaye ke biya su gani shi ne sakamako.

Kayan aikin da ake buƙata ba su fi ƙarfinmu ba. Ɗan littafi ne na kalmomin nazari cikin harsuna biyu, kowace kalma da misali daga adabin Hausa da kuma nuni zuwa shafin da takwararta take a littattafan jarrabawa, tare da gargaɗi a duk inda kwatancen ya gurgunce. Irin wannan ko ɗan bautar ƙasar da bai iya Hausa ba zai iya miƙa wa ɗalibai su yi masa bayani, shi ma ya ƙaru. Ga Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu, inda ake horar da malaman da za su shiga waɗannan azuzuwa. Ga Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi. Ga Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato da dogon tarihinta a nazarin waƙa. Kowace shekara muna sa ɗalibanmu rubuta kundaye kan jigo da salon wane da wane, mu jera su a kanta ƙura ta rufe. Da za a ba biyu ko uku daga cikinsu aikin kwatanta Ananse da Gizo domin ɗan aji shida na sakandare, a kai abin da suka rubuta wurin lesin guda a Argungu a gwada shi zango ɗaya, a auna amsoshin yaran kafin da bayan, da mun sami abin da za mu kafa hujja da shi maimakon labarin ɗiyar ƙanwar wani. Sai dai a faɗi gaskiya: aikin ba ya kawo ƙarin girma a jami'a kamar maƙala a mujalla, kuma yana buƙatar mu taka zuwa sashen Turanci mu nemi haɗin kai, abin da ɓangarorin biyu ba su saba ba.

Ita dai ɗiyar tawa, kwana uku na yi a gidansu. Mun karanta wasan Soyinka daga farko har ƙarshe, ita ce Sidi, ƙanenta Lakunle, ni Baroka, uwarta na dariya daga madafa. Waƙar Hopkins kan itatuwan da aka sare a bakin kogi kusa da Oxford ba ta ba mu wuya ba, domin ta san abin da masu gawayi suka yi wa dajin garin kakanninta. Amma da muka zo kan Wuthering Heights na Emily Brontë, sai na tsaya. Na ga tsintaccen yaro da riƙo da gado da ramuwar gayya, na san akwai ƙofa a wurin, amma ban shirya ba, kuma babu wani abu a rubuce da Hausa a hannuna da zan miƙa mata. Ranar da zan koma, na bar ta zaune a tabarma da 'yar ƙasidar nan a cinyarta, tana bitar sunayen mutanen gida biyu da ba ta taɓa jin muryar ko ɗaya daga cikinsu ba.